Ƙwaryar Kaka ta shiga hoto, Kaka ba ta shiga ba

Bayan girbin bana muka aurar da ƙanwata a nan Tawa. Kwana biyu kafin ɗaurin aure ƙawayen amarya suka shirya abin da yanzu ba a biki sai da shi, wato ranar shigar gargajiya, wadda wasu ke kira ranar ƙauyawa. Tun da hantsi suka cika ɗakin kakarmu suna aron kaya. Suka ɗauki faifai da ludayi da akushi, suka naɗe tabarmar kaba, suka zaro wani baƙin zanen saƙi daga ƙasan adaka, suka haɗa da wata tsohuwar ƙwarya mai ɗinkin gyartai wuri biyu. Ƙwaryar ce ta fi burge su, har da ƴar gardama kan wadda za ta riƙe ta.

Da la'asar aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kafa turmi, ƴan mata huɗu suka kama taɓare suna dakan turmin da babu ko ƙwayar hatsi a ciki. Mai hoto yana ta ba da umarni: ke ɗaga hannu, ke sunkuyar da kai, ku yi kamar kuna jin kunya. Kaka tana gefe kan kujerar roba, da hijabinta na kasuwa da silifas, tana kallo. Can mai hoton ya juyo, cikin ladabi dai, ya ce, "Inna, ko za ki ɗan gusa? Kujerar tana shiga." Ta ja kujerarta ta koma bayan randa. Babu wanda ya ga wani abu a ciki. Ni ma ban gani ba, don ina riƙe da waya ina ɗaukar nawa. Kuma ni na fara ɗora hotunan a Facebook da daddare, na mayar da su baƙi da fari, na rubuta a ƙasa cewa mu ba mu manta asalinmu ba.

Washegari na kai mata kayanta. Ta karɓi ƙwaryar ta jujjuya tana duba ɗinkin, sannan ta ce, "Kai mijina, mi kuka biɗa ga tsummanmu?" Na ce al'ada muke rayawa, Kaka. Ta yi dariya har da tari. Ta ce, "Al'ada? Ƙwaryag ga da ita nika amsar rabon abinci shekarun da munka ɗauki duwatsu. Kishiyata ta aza ta ga kai tana rangwaɗa, ba ta san nauyinta ba."

Shekarun da take nufi su ne na bayan farin 1984, yunwar da mutanenmu suka laƙaba wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya. A wannan shekarar aka buɗe babban aikin gyaran ƙasa na Kaita, wanda Italiya ta ba da kuɗinsa, hukumar FAO ta gudanar, ana biyan ma'aikata da abinci. Maza sun tafi biɗa, wasu Abijan, wasu Libiya, saboda haka mafi yawan waɗanda suka hau tsaunukan nan suka jera duwatsu, suka haƙa ramuka, suka dasa itatuwa, mata ne. Kakata na cikinsu, da goyon kawuna a baya. Mahaifiyata, tana da shekara goma, ita aka bari gida da ƙanne, kuma daga nan ba ta sake jin maganar lakwal ba. Duk wanda ya bi hanyar Tamaske zuwa Kaita yau ya ga kore a jikin dutse, to aikin hannun matan nan yake gani.

Tun ina yaro nake ganin ƙwaryar nan rataye a ɗakin Kaka. Na yi jami'a, na rubuta kundi, na tsaya gaban taro na yi magana kan haƙƙin talaka. Ban taɓa tambayarta labarin ƙwaryar ba.

Kada wani ya ɗauka na zo in yi wa ƴan matan nan ba'a. Ina cikin masu son abin, kuma ina jin daɗin ganinsa. Shekara goma da suka wuce, saurayin da ya sa malfa ya shiga gari sai a ce baƙauye ya zo. Yau ga shi ana neman malfar da kuɗi. Samari na kai wa tela hoton babansu na shekarun 1970 su ce a ɗinka masu irin wandon nan mai faɗin ƙafa. Ana tonon bosho ana neman tsohon kwat da tabarau mai kauri. A TikTok sai ka ji muryar Ɗan Gurmu ko Ɗan Anace ko Shata ƙarƙashin bidiyon yarinyar da aka haifa bayan duk sun rasu. Ranar al'adu a lise da jami'a ta fi ranar raba sakamako cika. Lokacin kokowar takobi kuwa kun san yadda gari ke zama, kuma mu mutanen Tawa ba ma gajiya da tuna wa kowa cewa a nan aka yi ta farko a 1975.

Na san daga inda ƙishirwar ta fito, don ni ma ina jin ta. A firamaren da na yi, idan ka yi Hausa cikin aji sai a hukunta ka. Fina-finan Kano da na Indiya suka koya mana yadda ake soyayya, waya ta koya mana sauran. Aka ce mu yi karatu za mu huta. Mun yi, takardun na cikin jaka, mu kuma muna fada muna jiran shayi na uku. Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Idan gaba ta yi duhu dole mutum ya waiwaya ya ga ko akwai abin kamawa a baya. Ga kuma iskar da ke kaɗawa a ƙasa gaba ɗaya: an canza taken ƙasa a 2023, an canza sunayen tituna a Yamai, a watan Maris na 2025 kuma an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Kowa na maganar komawa ga namu. To, madalla. Tambayar da nake yi mana ita ce, wane namu?

Da farko dai, rabin abin da muke kira gargajiya yayin zamaninsa ne. Kwalla da fanteka da langa da iyayenmu suka jera a ɗakin aure daga masana'anta suka fito, su suka kori ƙorai daga jere. Atamfar da ta fi daraja daga Holand take zuwa. Ganyen shayin da muke tinƙaho da shi daga Sin. Ku nemi hotunan da Philippe Koudjina ya ɗauka na matasan Yamai a shekarun 1960 da 1970, ku ga gashi, ku ga wando, ku ga rawa. Waɗannan da muke kallo yau muna cewa Allah sarki mutanen kirki, dattawan lokacinsu ƴan iska suke kiransu. Wannan bai dame ni ba, yana ma kwantar mani da hankali. Mutanen da ba su tsaya wuri ɗaya ba, suna ɗauka suna yarwa kamar kowa.

Abin da ya dame ni wani ne daban. Ku tara hotunan ranar al'adu guda ɗari ku duba. Kowa sarki ne, ko gimbiya, ko barde da takobi, ko amarya cikin lalle. Idan an yi shigar talaka, to don dariya aka yi ta, shi ya sa ma ake ce mata ranar ƙauyawa. A hoto dukanmu jikokin fada ne. Gaskiya ne Adar ta yi sarakuna. Tun da Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar a ƙarshen ƙarni na 17, zuriyarsa ke riƙe da sarautar da ke Illela. Amma mai rawani ɗaya ne, masu yi masa noma da kiwo da jan ruwa dubbai. A cikinsu akwai talakawa ƴantattu. Akwai mahauta da makaɗa da maroƙa, waɗanda ake cin amfaninsu ana raina sana'arsu, wajen Abzinawa kuma maƙera. Kuma akwai bayi. Bayi na saye da sayarwa, na kyauta, na gado. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: da yawa daga cikin masu karanta rubutun nan jikokinsu ne, wasu sun sani sun yi shiru, wasu an ɓoye masu. Da yawa kuma jikokin waɗanda suka mallake su ne.

Kuma ba labarin ƙarni na 17 nake ba ku ba. A 1996, a yankin Kwanni, cikin jiharmu, aka sayar da wata yarinya ƴar shekara 12, Hadijatou Mani, kan jikka 240, ta zama abin da ake kira wahaya. Wajen shekara tara ta yi a hannun wanda ya saye ta. Da ta samu takardar ƴanci ta auri wanda take so, sai aka ɗaure ta da laifin aure kan aure. Sai ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO ta yanke hukunci cewa ƙasar Nijar ta kasa kare ta daga bauta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Dokar da ta sa bauta cikin manyan laifuka a 2003 aka yi ta, bayan shekaru na gwagwarmayar ƙungiyar Timidria da aka kafa a 1991. Da yawanmu mun girmi dokar nan. Wanda ya sayi yarinyar bai ɗauki kansa mugu ba. Al'ada yake bi, irin ta mutanen da.

Ina da aboki, tare muka yi jami'a, ya fi ni ƙoƙari nesa ba kusa ba. Shekara uku yana neman wata yarinya, suna son juna, yana da aikinsa. Da magana ta kai ga manya sai aka tura bincike ƙauyensu. Amsar da ta dawo kalma huɗu ce: ba shi da asali. Ba a ce ɓarawo ba ne, ba a ce mashayi ba ne. An ce kakan kakansa mallakar wani gida ne. Yayyen yarinyar, waɗanda muke zama fada ɗaya da su, masu digiri, masu rubutu kan ƴanci da mulkin mallaka, babu wanda ya buɗe baki. Bayan bikin ƙanwata na koma na karanta abin da na rubuta ƙarƙashin hoton nan, cewa ba mu manta asalinmu ba, sai na ji kunya ta rufe ni. Kalmar da na yi ado da ita, da ita aka hana abokina aure. Kuma ya ga hoton, har ya danna masa alamar so.

Haka abin yake idan aka zo maganar tarbiyyar da. Kusan kullum sai na ci karo da rubutu mai cewa ina ma matan da. Mace ta durƙusa ta ba miji ruwa, ba ta faɗin sunansa, ba ta ɗaga ido, ba ta san hanyar kotu ba. Samari na ta turawa juna, ana Allah ya ba mu irinsu. Na tambayi Kaka game da wannan. An yi mata aure ba ta kai sha huɗu ba, ga mutumin da ta fara ganin fuskarsa sosai bayan an kai ta. Ta haifi tara, ta rufe huɗu. Na ce to ai an ce ku kun fi haƙuri. Ta ce, "Ina za mu tahi?" Ba ta ƙara komai a kai ba. Har yau a ƙasar nan, cikin mata huɗu, uku an aurar da su kafin shekara 18. Wanda yake kewar wannan ba sai ya yi kewa ba, abin bai je ko'ina ba.

Abin mamaki, masu tura rubutun nan ba sa tambayar me zamanin da ya ɗora wa namiji. Ni na tambayi kawuna da abokansa. Saurayi yana noman gandun gidansu kafin ya taɓa ɗan gayaunansa. Idan an kira gayya, ko gonar surukai ce ko ta tsohuwar da ba ta da kowa, zai fito da hauyarsa tun asuba, ladansa fura. Idan rijiyar gari ta cushe samari ke shiga yasa. Idan damina ta rusa ɗakin gwauruwa samari ke kwaɓa ƙasa. Bashi ana bayarwa ba takarda, kuma wanda ya ci amana ba ya iya zama dandali. Maigida ba ya barci sai ya san baƙon da ya sauka a masallaci ya ci tuwo. Waɗannan su ma tarbiyyar da ne, su ne ma ƙashin bayanta. Me ya sa ba sa yawo a waya? Don ba a sa su a jiki a cire da yamma. Suna cin lokaci, suna cin ƙarfi, suna cin aljihu. Mun zaɓi ɓangaren da za a ɗora wa ƙannenmu mata, mun bar wanda zai hau kanmu. A unguwarmu kwata ta toshe tun daminar bara, fada uku ke kewaye da ita, ciki har da tamu.

Dattawa za su ce maka lokacin Samariya ba a haka. Gaskiyarsu. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, gwamnati ta ɗauki tsohon tsarin sarkin samari ta mayar da shi ƙungiya ta ƙasa baki ɗaya. Samariya ta gina azuzuwa, ta share gari, ta dasa itatuwa, ta yi wasannin da har yau ake tunawa. Amma ka zauna da dattijon da ya yarda da kai, zai ƙara maka da cewa ita ce kuma ido da kunnen hukuma a unguwa, kuma ba kowa ke fitowa aikin don yana so ba. Lokaci ne da mutum ke waiwayawa kafin ya yi magana a cikin gidansa. Duka biyun gaskiya ne. Wanda ya ba ka ɗaya ya ɓoye ɗaya, akwai abin da yake son sayar maka, kuma a kwanakin nan masu irin wannan tallar sun yi yawa.

Sai maganar kuɗi, don a nan ake gane so na gaskiya. A bikin ƙanwata mai hoto ya karɓi jikka 25, ba wanda ya nemi ragi. Mai kwalliya ta karɓi nata. Zanen da ƙawaye suka yi anko da shi zanen kanti ne da aka buga wa hoton saƙi, daga waje aka kawo shi. Ranar Lahadi kuma na ga ɗaya daga cikin ƴan matan a kasuwa tana ciniki da wata tsohuwa mai faifai. Tsohuwar ta ce dala ɗari, yarinyar ta tsaya kan dala sittin har ta samu. Faifan nan kwana nawa aka yi ana tufkarsa? Haka muke yi wa maɗinkin takalmin fata, da mai ginin tukwane, da maƙerin azurfa. Muna son kayansu su fito a hotonmu, ba ma son ƴaƴansu su ci abinci da sana'ar. Sannan idan ɗan masaƙi ya ajiye ƙoshiya ya hau kabu-kabu ko ya kama hanyar Aljeriya, mu ce al'ada na mutuwa, kamar iska ce ke kashe ta. Na yi cigiyar gyartai a unguwanni uku don a ƙara wa ƙwaryar Kaka ɗinki, ban samu ba.

Mun iya sa suna, wannan kam. Gidan matasa da al'adu na Tawa sunan Albarka Cibau yake ɗauke da shi. Gasar waƙa ta ƙasa sunan Ɗan Gurmu aka sa mata. A cikinmu masu wucewa ta gaban gidan kullum, mutum nawa ne zai iya ba da tatsuniya ɗaya ta Albarka daga farko har ƙarshe? Ni ban iya ba. Harshen ma da suka yi aikinsu da shi muna gudunsa. Yaron da ya sha rawani ranar al'adu, shi ne gobe zai yi wa ɗan ajinsu dariya don ya ce "shina zakkuwa" ko "mi kac ce". Muna lanƙwasa baki mu yi Hausar fim don kada a gane daga Buza ko Barmu muka fito. Babu tsohon kaya da ya kai Adaranci tsufa a jikinmu, kuma shi kaɗai ne muka samu kyauta.

Ga abin da ya sa nake ganin maganar ba ta jira. Ƙasarmu ta yara ce. Kusan rabinmu ba su kai shekara 15 ba, waɗanda suka haura 65 kuwa ba su kai uku cikin ɗari ba. Wanda yake da wayo lokacin farin 1973 yau ya doshi sittin ko ya wuce. Waɗanda suka ga aikin dole na Nasara, wanda aka soke a 1946, kusan duk sun tafi, kuma abin da ba a tambaye su ba ya bi su. Tufafin za su jira mu, ana iya ɗinka wasu. Masu labarin ne ke ƙarewa, kowace shekara da nata rabon.

Jami'armu ta Tawa sunan Djibo Hamani take ɗauke da shi. Littafinsa na tarihin Adar kafin zuwan Turawa, wanda ya fito a 1975, bai samu ba sai da ya bi garuruwa ya zauna gaban tsofaffi ya saurara. A Yamai akwai cibiyar CELHTO da aka kafa tun 1968 don tattara tarihin baka. Su da manyan na'urori da kaset suka yi aikinsu. Mu kowannenmu na yawo da abin ɗaukar murya a aljihu, wanda ya fi nasu kyau, muna ɗaukar kanmu da shi.

Don haka roƙona gare ku, ƴan uwa, mai sauƙi ne. Ku ci gaba da sa malfarku, ku ɗaura saƙinku, ni ma ban fasa ba. Amma duk wanda ya ari kayan tsohuwa, ya biya da zama. Ka je da goronka, ka zauna ƙasa, ka nemi izini, ka kunna waya. Kada ka tsaya ga yadda ake biki da irin abincin da ake ci. Ka tambayi shekarar yunwa, me aka ci, wa aka fara rasawa. Ki tambayi kakarki daren da aka kai ta, da abin da ta so ta zama. Ka tambayi wa ke cin abinci a ƙarshe a gidan, wa ba a ba shi aure, wa ba ya limanci ko ya fi kowa karatu, kuma me ya sa. Kada ku tsaya ga gidan sarauta da gidan malamai. Ku je wa mahaucin unguwa, da tsohuwar makiɗiya, da tsohon ɗan biɗa da ya yi shekara talatin yana dako a Abijan ya dawo da rediyo da ciwon baya. Idan mutum ya ce kada a watsa, kada ku watsa, musamman abin da ya shafi asalin wani gida. Ba don tonon asiri muke yi ba. Idan za ku rubuta, ku bar maganar yadda ta fito daga bakin mai ita, kada ku gyara ta ta koma ta rediyo.

Wani zai ce to me za a yi da tarin muryoyin tsofaffi, ana fama da tsadar hatsi da rashin tsaro? Tambaya ce mai kyau. Ku dubi tassa. Haƙa rami a fako a shuka a ciki tsohuwar dabara ce da aka kusa mantawa. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman yankin Illela suka je Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake faɗaɗa ramin ana zuba taki, suka dawo suka gwada. Ƙasar da aka yafe ta koma ba da hatsi, har fako ya yi kuɗi. Manoman nan sun tambayi yadda abin ke aiki, suka gyara inda yake da gyara, suka ɗauki abin da zai ciyar da su. Irin wannan tambayar za mu yi wa gayya, da rumbun tsimi, da yadda ake sulhu tsakanin manomi da makiyayi a bakin rijiya kafin magana ta kai ga jandarma. Akwai abin da za mu ɗauka. Akwai kuma wanda za mu ji da kunnenmu, mu ce wa mai faɗar Allah ya ba ki lada, wannan kam ya tsaya a kanki. Kakata da kanta ta riga mu: ita ta tsaya kai da fata sai da ƙanwata ta gama lise kafin a yi maganar aure, lokacin da kawunnai ke cewa ta isa.

Zuwa yanzu na yi zama uku da ita. Na farko ta yi ta tsokanata, wai miji ya zama ɗan jarida. Na biyu ta ba ni labarin hanyar da suke bi da asuba zuwa wurin aiki, da waƙar da suke yi idan dutse ya yi nauyi, ta rera mani ita da muryar da ban san tana da ita ba. A na uku ta kai ga yarinyarta ta biyu, wadda ƙyanda ta ɗauka, sai ta ce in kashe wayar. Na kashe. Muka zauna shiru har aka kira la'asar.

Da zan tafi na ce zan ɗauke ta hoto, tunda ranar biki ba a ɗauke ta ba. Na miƙa mata ƙwaryar ta riƙe, ta ture hannuna. Ta gyara hijabinta, ta hau kujerar robarta, ta ce in tabbata silifas ɗin sun fito don sababbi ne, kuma kada in kuskura in cire mata kala kamar yadda na yi wa na kishiyarta. Ranar Alhamis zan koma. Ta ce za ta lissafa mani sunayen matan da suka yi aikin duwatsu tare, su goma sha ɗaya ne daga ƙauyensu, saura su uku, ɗaya tana Tamaske wurin ɗanta kuma har yanzu tana ji sosai.